Ba Daga Shagon Maureen Mashayin Ya Fito Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Zango mazauna Birmingham da Manchester,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Ina gaida dattawan kwamiti, da 'yan'uwana mata na Erdington da na Gorton, da ɗalibanmu 'yan Najeriya da suka zama 'ya'yanmu a ƙasar nan.

Ni ce Hajiya Rabi mai waakye, 'yar Aboabo ta Kumasi, matar Alhaji Sani direban bus. Kai ka san ni, ka san gidana, kai ka tsaya a ɗaurin auren 'yata Zainab. Amma tunda a group za a sa takardar nan, kuma akwai waɗanda sunana kawai suka ji a saƙon murya, bari in ce musu ina da ɗan shagon abinci a wani layi da ya ɓalle daga high street, babban titin shaguna na Erdington. Waakye, wato shinkafa da wake irin namu, nake sayarwa da tuwon zafi, da safe kuma koko da ƙosai. Kafin mu dawo nan, mun daɗe a Gorton ta Manchester, can na haifi yarana duka.

Ba cikin fushi nake rubutun nan ba, Alhaji. Hannuna ya warke, kasuwa tana tafiya, maigidana lafiya lau, yara sun kama aikinsu. Duk wanda ya ga rayuwata ya san ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Na kira ka a waya a kansa, ka ce in yi haƙuri a bar maganar ta wuce. Na gwada, ta ƙi wucewa. A gaban mutane aka ambaci sunana, saboda haka a gaban mutane zan gyara.

Na ɗaya, yadda hannuna ya karye.

A lokacin sanyin bara ne, da hantsi, ko azahar ba ta yi ba. Na dafa abincin sunan jikar wata 'yar ƙungiya da ke Whalley Range, ina fitar da kuloli zuwa motar Alhaji Sani da ya ajiye a bakin layi. Shi ya shiga ciki ɗauko sauran kaya. Sai ga wani mutum siriri da dukanmu muka sani a layin, yana tafe yana tangaɗi, leda a hannu ɗaya, gwangwanin giya a ɗaya. Ya yi tuntuɓe da bakin titi, ya kama mayafina don kada ya faɗi, muka faɗi tare. Na dafa ƙasa da hannun dama, na ji ƙashin ya amsa.

Wurin da na faɗi, ƙofar shagon maƙwabciyata ne, Maureen. Ita ce ta fara fitowa, da tsumman goge tebur a kafaɗa. Ta janye mutumin daga kaina, ta gyara mini mayafi ta rufe mini kai kafin mutane su taru, ta cire rigar sanyinta ta naɗe mini hannu. Ta ce wa maigidana ya kai wa masu suna abincinsu kada ya yi sanyi, ita za ta kai ni asibiti. Ta rufe shagonta a lokacin da take samun ciniki, ta zauna da ni har aka ɗaure hannun.

A ranar nan babu ko ɗigon giya a shagon Maureen. Ba ta da lasisin sayarwa, ba ta ma nema ba tukuna. Gwangwanin da ke hannun mutumin daga wani kanti ya fito can saman titi, irin mai arha mai ƙarfi da suke saye tun da safe. Shi kansa mutumin ba mugu ba ne. Bayan na dawo ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa yana ba ni haƙuri, idonsa cike da hawaye. Har yau idan shinkafa ta rage ina zuba masa.

Na biyu, wace ce Maureen, kuma me ta nema.

Baturiya ce, dattijuwa sa'ata, iyayenta 'yan Ireland. Mijinta ya rasu ya bar ta da shagon. Abincin karin kumallo irin nasu take sayarwa, har da naman alade, shi ya sa ban taɓa cin komai a wurinta ba sai shayi da biredi. Ita ma ta gane, ta ware mini kofi nawa ni kaɗai, ta rubuta sunana a gindinsa. Bango ɗaya ya raba mu. Duk makonnin da hannuna yake ɗaure, ita take ɗaga mini ƙofar ƙarfe da safe, ita take karɓar buhunan shinkafa idan mai kawowa ya zo ba na nan. Ta koyi juya ƙosai a mai, ko da yake nata kullum sai ya fito kamar taswirar ƙasa.

Kowa ya san yadda high street ta koma. Shaguna da yawa sun rufe, ma'aikatan da suke cika wa Maureen kujeru da rana sun ragu. Waɗanda suka rage, magina da masu gyaran hanya, idan sun tashi aiki suna son abinci da kofin giya a gefe, sai su wuce ta su tafi wani wuri. Shi ne ta nemi lasisin ba wa wanda ya zauna cin abinci giya a kan teburinsa.

Samun wannan lasisi a unguwarmu ba sauƙi ba ne. Council, wato hukumar gari, ta daɗe da cewa kantunan giya sun yi wa wurin yawa, ta tsaurara ƙa'ida: duk sabon mai nema sai ya nuna ba zai ƙara wa unguwa matsala ba. A gefe guda kuma akwai wasu 'yan kasuwa da masu hayar shaguna da ke ta matsawa a sassauta ƙa'idar gaba ɗaya, suna cewa ita ke kashe ciniki. Ƙungiyarmu ta tsaya a kan kada a sassauta. Ina tare da ku a kan wannan, kuma zan dawo kansa. Amma neman Maureen daban, wancan babban yunƙurin daban. Kun haɗa su kun ɗaure a buhu ɗaya.

Na uku, abin da ka faɗa a zaman council.

Ban san ranar da aka zauna a kan lasisin Maureen ba. Ba wanda ya gaya mini, ba wanda ya tambaye ni. Daga baya na ji, daga bakin mutanen da suke wurin, cewa ka miƙe da sunan ƙungiya ka ce a ƙofar wannan shagon da ke neman lasisi wani mashayi ya kayar da ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ya karya mata hannu, har yau tsoron fitowa take. Ka ambaci sunan shagona. Ka zauna.

Alhaji, a ƙofarta na faɗi, gaskiya ne. Mashayi ne ya kayar da ni, gaskiya ne. Amma duk wanda ya ji maganar a yadda ka jera ta, zai ɗauka daga cikin shagonta mutumin ya fito. Ba ka ce ita ta ɗaga ni ba. Kuma ba za ka ce ba ka sani ba, domin ranar da ka zo duba ni da dattawan kwamiti, Allah ya saka muku, Maureen ce ta dafa muku shayi a kicin ɗina, kai da kanka ka yi mata godiya. Maganar tsoron fitowa kuwa, ban san inda aka samo ta ba. Da hannu ɗaya na koma shago, ina zaune a kujera ina ba yarinyar da ke taya ni umarni har ta gaji da ni.

Maureen tana zaune a ɗakin tana ji. 

Ni dai na ga safiya ta yi ba ta leƙo ba, wata safiyar ma haka. Idan muka haɗa ido wajen fitar da shara sai ta ɗaga hannu ta shige. Na ɗauka jikinta ne. Na zuba ƙosai mai zafi na kai mata. Ta karɓa ta ajiye, ta dube ni ta ce, "Rabi, na san addininki bai yarda da giya ba, ban taɓa tsammanin za ki tafa mini ba. Amma da kin zo kin faɗa mini da bakinki, da ya fi mini sauƙi a kan ki aika a ce ni na karya ki."

Na ce, "Wa ya ce ke kika karya ni?"

A nan ta ba ni labari. Na tsaya a tsakiyar shagonta, kunya ta rufe ni kamar ni na yi maganar. A ranar ban iya dafa tuwon yamma ba.

Na huɗu, matsayina a kan giya, tunda har an fara tambaya.

Ban taɓa sha ba, ban taɓa sayarwa ba, ban taɓa miƙa wa wani ba, kuma ina roƙon Allah ya kashe ni a haka. Da ni ake tambaya, da ban so ganin kwalba ko ɗaya a layinmu ba. Ba kuma a littafi na karanta illarta ba. A Gorton, flat ɗinmu yana kusa da wani kanti da ke fara sayarwa tun kafin yara su tafi makaranta. Ina riƙe da hannun Zainab da ƙannenta muna tsallake gwangwanaye da amai. Kusan kullum sai na wanke bakin ƙofa da ruwan zafi da bleach saboda fitsari. Sai da mu maƙwabta, Musulmi da Kirista da wanda ba ya bin komai, muka yi ta kai kuka, aka ɗora wa kantin sharuɗɗa, aka hana shi sayarwa da sassafe, aka hana shi sayar da gwangwani ɗai-ɗai na mai ƙarfin nan. Layin ya gyaru a kan idona. Don haka ba wanda zai koya mini amfanin dokar nan.

Amma a Zango na tashi, Alhaji, kamar yadda kai ma a Zango ka tashi. Bayan gidanmu a Aboabo akwai matar da take dafa fito, giyar dawa. Mahaifiyata ba ta taɓa taka rumfarta ba, ba ta taɓa barinmu mu je ba. Amma da aka yi wa matar ƙazafin sata, mahaifiyata ce ta yafa mayafi ta je ta ce ba ita ba ce, domin ta ga wanda ya ɗauka. Haka aka rene mu.

Duk da haka ban dogara da ra'ayina ba. Na sa Alhaji Sani ya raka ni wurin liman, na zayyana masa komai. Ya ce kada in sayar, kada in ɗauka, kada in roƙa a ba wani izinin sayarwa. Amma barin ƙarya ta zauna a kan maƙwabciya alhali ni kaɗai zan iya cire ta, wannan nauyi ne a kaina.

Na biyar, zama na biyu da abin da aka yanke.

Allah ya taimaka ba a yanke hukunci a zaman farko ba, an ɗage don a ƙara jin ta bakin maƙwabta. Zainab, wadda nurse ce yanzu, ta nemi hutun aiki ta raka ni. Ina jin Turanci, ina sayar da abinci da shi, amma ba na so kalma ɗaya ta zame mini a irin wannan wuri. Na yi magana da Hausa, tana juyawa.

Na gaya musu ni ce matar da aka ce an karya. Na nuna musu hannun. Na faɗi inda gwangwanin ya fito, na faɗi wanda ya ɗaga ni daga ƙasa. Wata mata cikin masu yanke hukuncin ta cire tabarau ta ce, "To, kina goyon bayan a ba ta lasisin ke nan?"

Na ce, "A'a. Addinina bai ba ni damar goyon bayan wannan ba, kuma Maureen ta sani. Na zo ne in cire sunana daga maganar da ba haka take ba. Hukunci naku ne. In kun hana ta, ku hana ta da wani dalili, ba da hannuna ba. In kun ba ta, ina roƙo kada a sha a kan titi inda yara ke wucewa."

An ba ta, da sharuɗɗa. Ba kafin tsakar rana ba. Sai ga wanda ya zauna cin abinci, a cikin shago, ba a fita da ita, ba a jera tebura a waje, kuma da yamma ta yi a rufe. Ka kasance a wurin, ka ji da kunnenka.

Yanzu watanni sun wuce, kuma zan faɗi abin da na gani ko da bai yi wa wasu daɗi ba. Layinmu bai canza ba. Masu shiga wurin Maureen su ne maginan nan da wasu tsofaffi ma'aurata, su ci, su sha kofinsu, su tafi gida. Ita da kanta ta matsar da kwandon kwalabe zuwa ɗaya gefen, nesa da inda nake wanke tukwane, ban roƙe ta ba. Na daina shiga shagonta bayan tsakar rana, ta fahimta, ba ta riƙe ni ba. Da safe take zuwa nawa, ta zauna a kujerar kusa da murhu tana ba ni labarin jikokinta. Masu tangaɗi da hantsi kuwa suna nan, kuma ba daga wurinta suke fitowa ba.

Na shida, saƙon muryar da aka yaɗa.

Bayan zaman, wani matashi ya sa murya a group cewa Hajiya mai waakye ta je council ta tsaya wa giya. Saƙon ya isa Manchester kafin in isa gida. Yayata ta kira ni daga Kumasi tana tambaya ko lafiya. Wasu ɗalibai da suke cin abinci a wurina tun zuwansu ƙasar nan suka ɗauke ƙafa. Ban ga laifinsu sosai ba. Yawancinsu daga garuruwan da doka ta hana sayar da giya suka zo, ba su saba da zaman da sai ka raba bango da mai sayarwa ba.

Wata cikinsu, Malama Hauwa 'yar Katsina da ke bincike a uni, ita ce ta yi abin da ya kamata. Ta zo ta zauna ta ce, "Mama, na ji magana, amma na fi so in ji daga bakinki." Na gaya mata. Ta ce a zuba mata waakye da ƙwai. Da sati ya zagayo ta dawo da sauran. Shi ma mai saƙon ya zo, kansa a ƙasa, ya ci ya ƙara. Na yafe masa, yaro ne. Amma shi daga maganarka ya ɗora tasa, kuma kai ba ka ce komai ba a group har yau.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ka faɗa a group, ka kuma maimaita a taron wata, cewa mashayin da ya kayar da ni ba daga shagon Maureen ya fito ba, kuma ban je council don in tsaya wa giya ba. Ba dogon jawabi nake nema ba. Idan daga bakinka ta fito, za ta isa inda tawa ba za ta isa ba.

Daga yau, duk wanda za a ɗauki labarinsa a kai gaban hukuma, a tambaye shi tukuna. Musamman mu mata. Muna da baki, kuma mu muke tsaye a shagunan nan da ƙofofin makarantu, mu muka san wane kanti ne ke damun unguwa.

Kada ƙungiya ta saki babbar maganar. Yunƙurin a sassauta ƙa'idar gaba ɗaya yana nan, ba a gama ba. Idan aka buɗe ƙofa ga sababbin kantunan gwangwani mai arha, abin da na gani a Gorton shi zai dawo mana nan. Ranar da za a zauna a kai, ka kira ni. Zan zo da Zainab, zan ba da labarin hannuna yadda ya faru, kuma a yadda ya faru ɗin ya fi ƙarfi a matsayin hujja. Maureen ma ta ce za ta zo ta tsaya tare da mu, domin ita take share gwangwanayen da ake zubarwa a ƙofarta. Ka ga wadda muka kusa mayarwa abokiyar gaba.

Na ƙarshe shi ne ya fi mini nauyi. Ina roƙonka ka zo ka ba Maureen haƙuri. Ka zo da safe, lokacin da babu abin da zai hana ka shiga, ni da Alhaji Sani za mu raka ka. Na san ka da kyakkyawar niyya. Kai ka tsaya wa gawawwakinmu da yawa aka kai su makwanci cikin mutunci, kai kake tashi idan ɗanmu ya shiga matsala. Na yarda kishin unguwa ne ya ja bakinka a ranar. Amma matar nan ta ji ciwo, kuma da sunanmu duka aka ji mata shi.

Na riga na gaya mata za ka zo. Ta yi murmushi ta ce, "Bar shi, Rabi, manyan mutane ba sa zuwa irin wannan." Na ce mata ban san nasu manyan ba, amma namu suna zuwa. Da bakina na faɗa, Alhaji, ba wanda ya sa ni. Yanzu ya rage naka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da muka ɗora maka, ya sa ka gama da mu lafiya. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu daga kwalba da gwangwani a ƙasar nan, ya shiryi waɗanda abin ya kama, ya bar mu da maƙwabtanmu cikin zaman lafiya.

Wassalam.

Taka 'yar'uwa,
Hajiya Rabi mai waakye,
Erdington, Birmingham.